Kujerar da Na Ce Ba Ta Fita

Har yau idan samari suka zauna gardamar motoci, sukan juyo gare ni, don sun ji an ce na taɓa mallakar mai ƙofa biyu tun zamanin Annasara. Nakan yabe ta, kuma ba ƙarya nake yi ba, mota ce ta gaske. Amma akwai inda nake kaiwa in tsaya, in ce shayi ya huce, in sake zance. Yau dai na yi niyyar wuce wurin.

A Yamai na same ta, a shekarun da Annasara suka fara ɗaure kayansu suna kallon hanyar gida. Lokacin ina akawu a wani kantin ƴan kasuwar Faransa, da farar riga mai guga, da alƙalami biyu a aljihu, ɗaya ma ba ya rubutu. Mai motar shi ne shugaban kantin. Da tafiyarsa ta matso ya nemi mai saye ya rasa. Alhazan birni sun zo sun zagaye ta, sun leƙa ciki, sun tambaya ina za a sa buhu, ina za a sa iyali, suka yi dariya suka kama gabansu. Ni da ba ni da buhu ba ni da iyali, na tsaya.

Kupe suke ce mata. Ja ce mai duhu kamar ruwan zoɓo, doguwar gaba, gajeren baya, ta kwanta ƙasa-ƙasa. Ƙofofin nan biyu dogaye ne masu nauyi, in ka rufe ba ka jin ƙarar gwangwani irin ta sauran motoci, sai wani ɗan dum a hankali, daga nan hayaniyar duniya ta yanke. Kujerun na fata ne mai laushi, ƙamshinsu ya daɗe a rigata bayan na fita. Allon gaba katako ne mai sheƙi, har ina gyara hula a jikinsa. Da yake ƙofa biyu kawai aka huda mata, jikinta a ɗaure yake tam, ba ta kwaramniya a kan burji, ƙura ma ba ta samun kafar shiga. Injin kuwa ba ya ihu. Ka taka, sai ka ji an tura ka cikin kujera, itatuwan gefen hanya su fara gudu da baya. Wanda bai taɓa shan kwana da irinta ba, ba zan iya kwatanta masa ba.

Akwai kujera a baya, amma ta suna ce. Sai an karya bayan kujerar gaba an tura ta, mutum ya duƙa, ya cusa kai, ya shiga kusan da rarrafe.

Ranar da Annasaran ya miƙa mini makulli, ya dafa kafaɗata ya ce da Faransanci, babbar fa'idar motar nan ba a gudu take ba, a ƙofofin take, don ba wanda zai roƙe ni in ɗauke shi. Ya san mu sarai. Ya san duk wanda ya yi mota a cikinmu ya zama kamyo, babbar motar kayan dangi, wannan a kai shi jana'iza, wancan a kai masa akuya kasuwa, wata ta shigo da ƙwaryar nono ba marfi. Ya yi dariya, ni ma na taya shi, har da tafa hannu. Gaskiyar magana, dalilin sayenta ke nan. Na gaji da roƙon da ba a ma fara yi mini ba.

Sai in faɗi yadda nake da innata, don ba za a gane sauran ba sai da shi. Ni ɗan fari ne. A yankinmu na Kurfai, kamar ko'ina a ƙasarmu, uwa tana kunyar ɗan farinta. Ba ta kiran sunansa, ba ta duban fuskarsa, ba ta zama tabarma ɗaya da shi. Da aka yaye ni aka miƙa ni ga gwaggona, yayar mahaifina, ita ta rene ni a cikin gida guda, ɗakinta na kallon ɗakin inna. In inna tana da magana da ni, sai ta faɗa wa turmi, ko bango, ko kazar da ke wucewa.

“A ce wa wanga yaro tuwonai na hucewa.”

Ina tsaye nan gabanta, taku uku. In na buɗe akushin kuwa, tsokar da ta fi kowace girma tana ƙasa a ɓoye. Ina yaro ban ga laifin haka ba. Sai da na yi lakwal, wato makarantar boko, na je Yamai, na ga matan Annasara suna rungume ƴaƴansu a bakin titi, sannan na fara cewa al'adarmu duhun kai ce. Da baki nake zaginta, amma a ciki abu ɗaya nake so: sau ɗaya tak inna ta ɗaga ido ta dube ni, ta yi mini magana, ni, ba turmi ba.

Da kaka na sami hutu na kama hanyar garinmu Filinge. Hanyar ta bi ta Bonkuku, inda kawuna yake noma tun da ya yi aure can a yankin Imanan. Ban tsaya ba. Na ce a raina yara za su shafa mini mota da hannun fura, in gaishe shi a dawowa. Na danna ƙaho na wuce.

A Filinge kuwa an sha kallo. Na ajiye ta ƙarƙashin gawon ƙofar gidanmu, na lulluɓe ta da zane, ina buɗewa safe da yamma kamar mai duba jariri. Masu roƙo sun zo, kamar yadda aka yi zato. Kowa ya zo sai in buɗe ƙofa da fara'a, in karya kujera, in nuna masa ramin baya. Ya leƙa, ya dubi babbar rigarsa, ya ce to, Allah ya sa albarka. Dabarar Annasara ta ci, ina ta jin daɗi a raina.

Mutum ɗaya ne bai roƙi komai ba, maƙwabcinmu, wani tsohon soja da ya tuƙa wa Faransa manyan motoci a yaƙi. Abokin mahaifina ne, kuma tun rasuwar mahaifina shi ke duba gidanmu. Ya zagaye ta sau biyu, hannu a baya, ya sa na buɗe masa inji, ya saurara ya kaɗa kai.

“Ta yi kyawo, ɗana. Sai dai ta mutum guda ce da inuwatai.”

Na ɗauka yabo ne. Inna ba ta fito ba, amma gwaggo ta tsegunta mini cewa ta leƙa ta kafar darni har sau uku, kuma ta fitar da hatsi sadaka don Allah ya tsare ni da ƙarfen nan.

Rana ta huɗu, wata Talata da hantsi, wani mutum ya iso kan raƙumi daga Bonkuku. Kawu ba lafiya, ya kwana biyar ba ya tashi, kuma ba abin da yake faɗi sai a kira masa Yaya. Inna yake nufi, su biyu ne kaɗai a wurin uwarsu. Uwar ta rasu yana shan nono, inna ce ta goya shi tana ƴar yarinya, da shi a baya take daka, da shi take zuwa rijiya. Kamyo ba ya zuwa sai ranar kasuwa, Lahadi. Motar kumandan, Annasaran da ke mulkin yankin, tana daji wajen rangadi, ko tana nan ma ba ta talaka ba ce. Duk garin ba ƙafa huɗu mai inji sai tawa.

Inna ta fito da ƙunshin kayanta. Tana ɗingishi, don ta taɓa faɗuwa a bakin rijiya, tun daga nan ƙafarta ta hagu ba ta lanƙwashewa. Ta tsaya tana fuskantar rumbu.

“A tambayi mai mota, ko shina iya kai ni Bonkuku.”

A iya sanina wannan ne roƙo na farko da ta taɓa yi mini. Maimakon tausayi ya kama ni, sai kaina ya kumbura. Na yaye zane, na tayar da inji, na kawo motar daidai bakin zaure, har da danna ƙaho ba gaira ba dalili. Kafin ka ce me, unguwa ta cika, maza, mata, yara. Na buɗe ƙofar gaba na tsaya ina riƙe da ita yadda na ga ana yi wa matan Annasara.

Inna ta tsaya cak. Gwaggo ta matso ta mintsine ni a hannu.

“Kai, ina hankalinka? Kusa da kai za ta zamna?”

Sai lokacin na lura. Kujerun gaba biyu kafaɗa da kafaɗa suke, in na kai hannu sauya gudu sai ya gogi gwiwar na kusa da ni. A Yamai wannan ma cikin fa'idodinta ake lissafa shi. Na yi tsaki, na karya kujerar, na tura ta gaba.

Ta gwada, Allah ya sani ta gwada. Ta miƙa wa gwaggo ƙunshin, ta duƙa, ta cusa kai, ta sa ƙafar dama. Ta hagu ta ƙi bi. Ta ja baya ta sake ta wani gefen, ta dafa ƙasan motar da hannu biyu, kanta a ciki, bayanta a waje, a gaban mazan unguwa, matar da ban taɓa ganin ko lulluɓinta ya zame ba. Gefen zanenta ya maƙale a wani ƙarfe. Wani yaro ya ƙyalƙyale, wasu suka kama. Ni kuwa haushi ya turnuƙe ni, kuma ba haushin yaran ba, haushin an sa motata ta zama abin dariya. Na kama damtsenta zan tura ta ciki. Tun yaye hannuna bai taɓa jikinta ba. Na ji ta sandare. Ta zare hannunta a hankali, ta fito da baya, ta gyara zane.

Nan bakina ya kwance, da ƙarfi, kowa na ji.

“Inna, ki shiga gaba mana! Kunyar mi? Ni ba ɗanki ba ne?”

Dattawa suka sunkuyar da kai, wasu suka juya baya kamar an kira su. Gwaggo ta rufe baki da tafi. Inna ta ja lulluɓi ta rufe fuska duka.

Tsohon soja ne ya matso, ya yi magana ƙasa-ƙasa don ya rufa mini asiri.

“Ɗana, kujerag ga ta gaba ƙusa huɗu ke riƙe da ita. Kawo kile in hisshe ta. Sai ta shiga a sake, ta zamna baya, ta miƙe ƙahwa. Kai kana gaba, ita tana bayanka, ba wanda ya ga wani.”

Kile, ƙarfen kwance ƙusa, yana nan cikin akwatin bayan motar, a naɗe cikin jakar fata tare da sauran ƙarafan gyara. Na san da shi. Amma abin da ya zo mini a ido shi ne kujerar fatar nan a yashe cikin rairayi, awaki suna lasa, yara suna hawa, da motata da rami a gefe kamar bakin da aka cire wa haƙori. Kuma a ce wani tsoho ya koya mini motata a gaban jama'a?

“Ba ta hita,” na ce. “A liƙe take. Daga can anka ƙera ta hakanan.”

Ya dube ni. Ya durƙusa da ƙyar, ya leƙa ƙarƙashin kujerar, ya ɗan jima. Ya miƙe ya karkaɗe gwiwa.

“To,” ya ce.

Inna ta karɓi ƙunshinta daga hannun gwaggo.

“A kawo jaki.”

Tsohon soja ya shiga gidansa ya fito da nasa, ya ɗaura akumari, mata suka taimaka mata ta hau. Ya ɗauki sanda da goran ruwa, ya ja gaba a ƙasa. Mutane suka watse ba wanda ya yi mini sallama. Na shiga ɗaki na kwanta ina huci, wai ni aka ɓata wa rai. Wajen azahar gwaggo ta tsaya a bakin ƙofa, ba ta shigo ba.

“Tashi ka tai ka hwaɗa wa kawunka tana bisa hanya. Ko wanga dai motag ga ta iya.”

Na tarar da su ba su yi nisa sosai ba, cikin kwarin Dallol, inda rairayi ya yi yawa. Jakin yana tafe yana nitsewa, ƙafar inna ta hagu a miƙe gefe ɗaya, rana a tsakar ka. Na rage gudu. Ta ji ƙarar, ba ta waiwayo ba, sai ta ƙara jan lulluɓi. Tsohon soja ya ja jakin gefe, ya yi mini alama da sanda in wuce. Na wuce, ƙurata ta rufe su. Motar ta tafi lafiya lau, ko gyatsa ba ta yi ba.

Ina shiga Bonkuku yara suka biyo ni suna ihu, “Ta zaka! Ta zaka!” Matar kawu ta fito da gudu ba takalmi. Ta dubi kujerar da ke gefena, ta sunkuya ta leƙa baya, ta sake leƙawa, sannan ta dube ni.

Kawu ya ji ƙarar mota tun daga nesa. Ya sa an tayar da shi an jingina shi da bango, an sa masa hula. Ya rame har ban so in gane shi ba. Da na shiga, idonsa bai tsaya a kaina ba, ya wuce bayana, ga ƙofa.

“Ina Yaya?”

“Tana tahe, kawu. Bisa jaki.”

Ya ja numfashi da ƙyar.

“An ce mini motakka ta hi ta kumandan.”

Ya sa mini albarka, ya tambayi aiki, amma duk motsin da aka yi a tsakar gida sai ya ɗaga kai.

Na fito na buɗe akwatin baya, na warware jakar fata, na riƙe kilen a hannuna. Da na cire kujerar nan take na juya, da na taro su na dawo da ita rana ba ta yi sanyi ba. Na san haka a lokacin, ba daga baya na gano ba. Amma in na koma da kujera a cire, sai in tsaya gaban tsohon nan da ya durƙusa ya leƙa ya ce “To.” Sai na fara lallashin kaina. Na ce kawu ya sha kunu, alamar sauƙi ce. Na ce rana ta yi zafi, inji zai wahala cikin rairayi, bari a yi la'asar. Na naɗe kilen na mayar.

Muna alwalar la'asar kuka ya tashi daga cikin gida. Kafin faɗuwar rana an kai shi makwancinsa, ni ma ina cikin masu zuba ƙasa.

Washegari da hantsi inna da tsohon soja suka iso, sun kwana a wani ƙauye a hanya. Tun daga nesa ta ga maza zaune kan tabarmi a ƙofar gida, ta gane. Ba ta yi ihu ba. Aka sauke ta, ƙafar ta kumbura har ba ta iya takawa. Ina jin muryarta ta bayan darni tana tambayar matar kawu ko ya tambaye ta. Matar ta ce har ƙarshe. Na so ƙasa ta tsage in shige. Kwana uku ina zaune cikin masu karɓar gaisuwa, mutane suna yabona, wai ɗan albarka, ya taho da mota ya sami kawunsa da rai. Tsohon soja yana gefena kan tabarma ɗaya, yana amsa amin.

Bayan sadakar uku, da safe, na fito da kilen. An ɗora ruwan shayi lokacin da na durƙusa, kafin ya tafasa na gama. Ƙusa ta huɗu ma da yatsa na ƙarasa murɗe ta. Na ciccibi kujerar na dire ta a rairayi, ba ta ma da nauyi. Tsohon soja yana zaune gindin darni yana asawaki, yana kallo. Na aika matar kawu ta ce wa inna an gyara mata wuri, ta zo in mai da ita gida.

Inna ta fito tana dogara sanda. Ta tsaya bakin ƙofar motar, ta dubi filin da ya buɗe, wanda ko da ƙafarta za ta shiga ba duƙawa. Ta dubi kujerar a ƙasa. Ta dubi ramukan ƙusa huɗu. Sannan ta janye lulluɓi daga fuskarta, ta juyo, ta dube ni ido cikin ido. Ban taɓa sanin idonta na dama yana da ɗan tabo ba sai ranar. Abin da na yi shekaru ina roƙon Allah ya nuna mini ke nan, kuma ba turmi a wurin, ba bango, da ni take.

“Ashe tana hita,” ta ce.

Ta mayar da lulluɓinta. Tsohon soja ya tashi ya je kwance jaki.